Makulli Huɗu na Baba Mai Kwaɗo

"Ka sake kiransa mana!" in ji matar Baba Mai Kwaɗo, tana tsaye a bakin ƙofa da tsumma a hannu.

Na sake kira, karo na shida. Wayar Fasto a kashe take. Ya tafi taro, sai jibi.

Baba Mai Kwaɗo maƙwabcina ne, bango ɗaya ya raba mu. Shekara talatin yana yankan makulli da gyaran kwaɗo a bakin titi. Ranar nan likita ya ce a mai da shi gida, ba sauran magani. Abu ɗaya ya roƙa: a ba shi Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da ake ba masu bi a coci, kafin ya tafi.

Na ruga coci da rana tsaka. Na tarar da babban dattijonmu yana gyara benci.

"Dattijo, mutumin nan ba zai kai gobe ba. Ka zo ka ba shi."

"Ƙoƙon yana cikin kabad, makullin yana aljihun Fasto."

"A ɓalle kwaɗon!"

"Ni? Ka manta abin da ya yi mini da na je yi wa mai jego addu'a ban tambaye shi ba?" Ya miƙo mini gudumar. "Ga ta. Kai ka ɓalle."

Na karɓa. Na tsaya gaban kabad ɗin. Dattawa huɗu muka zaɓa, aka ɗora musu hannu a gaban kowa, amma ko fitila ba sa kunnawa sai an ce su kunna. Sai na tuna auren 'yata saura mako uku, kuma Fasto ne zai ɗaura. In ya yi fushi ya ɗage, me zan gaya wa yarinyar? Me zan gaya wa surukai? Na ajiye gudumar a hankali a kan benci.

Da na koma, Baba ya dubi hannuwana.

"Maƙwabci, babu ko?"

"Makulli ne, Baba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ni da na buɗe wa rabin unguwar nan ƙofa!" Ya nuna wata ƙusa a bango. "Ka ga makullan can? Bara na saya, don in yanka wa kowane dattijo nasa. Na ce wa Fasto: ɗana, ko Annabi Musa sai da surukinsa ya ce ya raba aikin kada ya kashe kansa. Ya ce zai yi addu'a a kai."

"Har yau yana addu'ar," in ji matarsa. Ta jefar da tsumman. "Kai kuma, maƙwabci, da hannunka biyu ka dawo mini haka?"



Ta share ƙaramin tebur duk da haka, ta shimfiɗa farin ƙyalle, ko wani zai zo. Kowane babur ya wuce, sai Baba ya juya kai wajen ƙofa. Wajen ƙarfe huɗu ya daina juyawa.

Fasto ya iso ranar da ya ce, bayan Baba ya rasu, da ƙoƙon a jakarsa, idonsa ja, yana cewa ai da an aika masa mutum. Na buɗe baki, matata ta taka mini ƙafa.

Ba wanda ya naɗe ƙyallen. A samansa, a jikin ƙusa, makullan nan huɗu suna rataye a zare ɗaya, sumul, ba a yanka musu haƙori ba.