Kujerar Mai Cewa A'a

Zazzaɓi ne ya kwantar da ni bayan azahar, jikokina mata sun kunna fim ɗin soyayya a waya kusa da kunnena. Ni kuwa raina na kan Lurwanu, jikana, da ya shigo da safe farar rigarsa jajir da manja. Wai Sahura ce ta banke shi a kwanar masallaci, ta kuma zage shi a kai. Sahura fa, jikar Tasalla da ta ari turmina ta dawo min da shi a tsage, har yau ko sannu. Na ce in na tashi sai na je gidan, ba jinina ba jinin Tasalla.

Sai tabarmar ta fara tafiya da ni kamar kwalekwale.

Na tsinci kaina a wani gari, titunansa duk kwana ne, ba miƙaƙƙe ko ɗaya. Samari na tafe suna kallon sama, 'yan mata na tafe da tire a ka, ba mai duban gabansa. Can gefe an ɗaure hadari da igiya kamar akuya, yana jira a sake shi.

Wani tire ya gangaro ya tsaya a ƙafata. Ya ce, "Iya, matsa, aiki zan yi."

Na ce, "Mene ne aikinka?"

"Faɗuwa. In na faɗi su duƙa tare, sai ido ya haɗu."

"To zagin fa?"

"Shi ne sallamarmu a nan. Duk biyun da kika ga sun soma da zagi, ki fara tanadin goro."

Na tuna Lurwanu da Sahura. Kwanar da ke kusa ta yi dariya, ta naɗe kanta kamar zani, sai ga ni a wani fili, furanni na saukowa daga sama a hankali, kowanne da ƙanshin manja. Wani mutum ya wuce, baki ne kawai da hula, ba ido ba hanci. Tire ya ce abokin saurayi ne, zolaya ce abincinsa.

A tsakiyar filin ga kujera ba kowa, an jingina mata sanda irin tawa.

Na ce, "Wannan ta wa ce?"

Kujerar da kanta ta amsa, da muryata sak: "Ta mai cewa a'a. Su yaran itace ne ɗanye, Iya. Ba sa kamawa sai tsohuwa ta hura."

Na ce, "In na ƙi zama fa?"

"Tasalla ta zauna."

Ai kuwa na waiga, ga Tasalla tana tahowa a kan iska, tana gyara ɗankwali. Na zabura in riga ta, sai aka tsinke igiyar hadarin, ruwa ya kece, ganga ta ɗauka daga ƙarƙashin ƙasa.

Firgigit na farka, jiƙe da gumi. Lurwanu na tsaye a kaina, ya sha wanka, ya karya hula.

"Matata, ina turaren nan naki mai tsada?"

"Ina za ka, mijin banza?"

"Gidan su Sahura. Zan je in ƙarasa mata rashin mutunci."

A'ar ta zo min har haƙori. Na haɗiye ta da ƙyar, na ce, "A dawo lafiya."

Ko jin nawa bai yi ba, ya riga ya kai zaure yana fito.