Ƙwallon Da Aka Ƙi Duka

Ƙwallon bai ma iso ba Nagamine ya kai duka. Gorarsa ta besbol ta wuce ta sama da kusan kamu guda, har da ɗan tangaɗinsa don a ce da gaske yake. Mutum dubu talatin suka ɗauki tafi. Ni ban tafa ba. Ina zaune a layi na biyu kusa da Fusae, matar Shiozaki, rungume da tukunyar iskar numfashin da mijinta ya cire kafin ya shiga fili, kuma daga inda nake ina hango fuskarsa sarai.

Abin da ya kamata Shiozaki ya yi shi ne ya cire hula ya rusuna wa jama'a, a miƙa masa furanni, ya sauko. Sai ya tsaya ƙiƙam a kan tudun jifa, dattijo ɗan shekara sittin da uku cikin rigar da ta yi masa yawa, ya zuba wa Nagamine ido har tafin ya fara mutuwa. Daga nan ya tofar da yawu a kan tudun, abin da ba a yi, ya juya ya fice. Yarinyar da ke riƙe da furannin ta bi shi taku uku, ta rasa yadda za ta yi, ta koma.

Ni Tokie, shekara talatin da ɗaya ina sayar da awara a layinmu, kuma duk tsawon nan katanga ɗaya ce tsakanina da su. Saboda haka na san abin da mutum dubu talatin ɗin nan ba su sani ba. Shiozaki ya shiga besbol na ƙwararru yana ɗan sha tara, majefi ne, kuma yana da wani jifa nasa da ke tahowa a miƙe, sai ya zo gaban mai duka ya nutse ƙasa. Shekara biyar ya yi, ya ci wasa ashirin da uku. A wani rani kocinsu ya sa shi jifa kwana huɗu a jere saboda ana neman kofi. An samu kofin, shi kuma gwiwar hannunsa ta tafi. Tun daga lokacin hannun damansa bai sake miƙewa ba, da hagu yake wanke fuska.

Kulob ɗin bai kore shi ba, kuma har gobe suna yabon kansu a kan haka. Sai suka mai da shi majefin atisaye, aka liƙa masa lamba 104 a baya, irin lambar da ba a shiga wasa da ita. Aikinsa shi ne ya jefa wa 'yan wasa ƙwallo mai daɗin duka, daidai inda kowa ke so, sau ɗari da ashirin a rana, su yi ta dukansa su ji ƙarfin jikinsu. Shekara ashirin da shida ya yi a haka. Jifan nan nasa mai nutsewa kuwa an hana shi, wai yana lalata wa yara ido. Ku duba mini wannan rashin imani: mutumin da aka horar don kada a taɓa ƙwallonsa, a ce ya ƙare rayuwarsa yana miƙa shi a doka. Nagamine ma, tauraron da duk Japan ta san sunansa yanzu, a hannunsa ya koyi duka tun yana ɗan sha takwas.

Da likita ya ce huhun ya gama, ba zai ga ƙarshen bazara ba, sai wani a ofishin kulob ya tuna da shi. Suka aiko cewa shi zai yi jifan buɗe wasa ranar Asabar ta farkon wata. Mu duka mun san yadda ake yi: a gayyato magajin gari ko wata mawaƙiya, ta wurga ƙwallo ko ina ya ga dama, mai duka ya kai wa iska duka da gangan don girmamawa, a tafa. Shiozaki ya ce ya amince, amma da sharaɗi. A gabana ya kira Nagamine a waya.

"Abu ɗaya nake roƙo, yaro. Zan jefa maka mai nutsewa. Ka doke shi da gaske, kamar ranar kofi. Ina so in sani kafin in tafi."

Nagamine ya ce to, Baba.

Mako uku ya yi yana shiri. Ya auna mita sha takwas da 'yan kai daga ƙofar shagona zuwa bangon gidan wankan unguwa, ya tsaya ya tare mini hanyar masu saye, robar iska a hanci, yana jifa yana tari. Fusae ce ke tsinto ƙwallon. Na yi masa masifa har na gaji, na ce ya je ya mutu a kan gadonsa kamar mutanen kirki. Ya ce in rufe masa baki in ba shi awara biyu, mai laushi. A makon farko ƙwallon ba ya ko isa bango. A mako na uku na ga ya taho, ya sunkuya, ya daki gindin bangon, har na saki ludayi a cikin tukunya.

To shi ne suka yi masa abin da suka yi.

A jirgin ƙasa muka dawo. Sai da muka shiga gida, Fusae ta durƙusa tana kwance masa takalmi, sannan ya ce, "Sun mai da ni magajin gari." Ya kwanta ya juya wa duniya baya. Bai ci abinci ranar ba, bai ci washegari ba.

Ranar Lahadi wani mutumin ofis ya zo, da kwat da kwalin alewa da hoto a cikin gilashi, an ɗauki Nagamine yana dukan iska. Ya durƙusa a bakin ɗaki yana zuba ladabi, wai shugabanni sun fahimci cewa rashin lafiya ce ta jawo abin da ya faru a kan tudu, ba su riƙe shi a rai ba. Su ne ma ba su riƙe ba! Fusae mace ce mai haƙuri, ta karɓi alewar da hannu biyu tana godiya. Ni kuwa ba a haife ni da wannan ciwon ba. Na tambaye shi ko shi ne ya hana Nagamine duka.

"Inna, ai al'ada ce," in ji shi. "Idan aka doke ƙwallon dattijo marar lafiya a gaban jama'a, me za a ce da mu? Mutuncinsa muka kare."

"Shekara ashirin da shida kuna dukan ƙwallonsa safe da yamma, ba ku tuna da mutuncinsa ba sai ranar da ya roƙe ku ku doka? Ɗauki hotonka."

Ya ɗauka. Na raka shi har titi don in tabbata bai manta hanya ba.

Litinin ba a wasa. Wajen ƙarfe uku na rana wata baƙar mota ta tsaya a bakin layi, don ba ta iya shigowa, Nagamine ya fito shi kaɗai. Ƙato ne, sai da ya sunkuya kafin ya shiga ƙofarsu. Na bar shago a buɗe na bi bayansa, ba wanda ya gayyace ni. Ya zube a kan tabarma ya kafa goshi a ƙasa, ya ce ofis sun yi masa magana, amma ba zai ɗora musu ba. Wai da ya hango Baba a kan tudu, ya ga yadda ya rame, hannunsa ne ya ƙi. Ya daɗe yana magana, har da hawaye, kuma na yarda na gaske ne. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan, da ma mugu ne da na san inda zan ajiye shi.

Shiozaki bai juyo ba sai da ya gama.

"Ka zo da gora?"

"Tana mota, Baba."

"Je ka ɗauko."

Fusae ta riƙe hannun rigar mijinta tana cewa Baban Michiru, ka rufa mini asiri, likita ya ce ko banɗaki kada ka je kai kaɗai. Ya ce ta kawo masa takalmi. Mu biyu muka tallabe shi zuwa ƙofar shagona, bai fi nauyin buhun waken suya ba. Mai gidan wanka ya fito da alli ya zana wa Nagamine wurin tsayawa a gaban bangonsa. Mai gyaran keke ya ajiye sifana, matan da suka fito cefane suka jeru a jikin katanga. Ban fi ƙirga mutum goma sha biyu ba.

Kafin a fara na je har gaban Nagamine, na ɗaga kai na dube shi. Na gaya masa akwai tukunyar ruwa tana tafasa a shagona, idan ya sake yi wa bawan Allahn nan wasan yara a kansa za ta ƙare. Bai yi dariya ba, ya ce ya ji, Inna.

Shiozaki ya cire robar hanci ya miƙa wa matarsa. Ya cusa ƙwallon tsakanin yatsu biyu, ya daɗe yana neman numfashi. Sannan ya ɗaga ƙafa, karkataccen hannun nan ya zagayo, ya saki.

Ƙarar dukan ta sa kunnena ya toshe. Ƙwallon ya wuce ta saman kafaɗar Shiozaki, ya fasa gilashin shagona, ya daki bango a ciki, ya faɗa kwamin da nake jiƙa awara. Ba wanda ya motsa. Fusae ta toshe baki da hannu, Nagamine ya tsaya da gora a hannu fuskarsa kamar wanda ya kaɗe mutum da mota.

Shiozaki ya waiwaya ya kalli ramin da ke gilashina, ya juyo ya kalli yatsunsa. Jini ya dawo masa fuska, rabon da in ga haka tun kafin likita ya yi magana.

"Ɗan banza," in ji shi. "Bai nutse ba ne, yatsana ya zame. Wannan ko Tokie mai awara za ta doke shi. Gobe ƙarfe tara ka dawo."

"Zan dawo, Baba."

"Kuma ka gyara ƙafarka ta gaba, tana buɗewa da wuri. Shekara ashirin ina gaya maka."

Awarar ranar duka na zubar saboda gilashi, sai guda biyu da ke cikin firiji, su na kai masa. Ya cinye su da shinkafa kwano guda, yana ci yana zagin yatsansa. Fusae ta ce har ya sa ta nemo masa abin yanke farce.

Da safe wajen ƙarfe bakwai ina tace ruwan wake na ji ta kira sunana ta katanga, sau ɗaya, a hankali. Da na shiga ya riga ya cika. Na taimaka mata muka juya shimfiɗarsa kansa ya dubi arewa kamar yadda al'adarmu take, muka rufe masa fuska da farin ƙyalle. Da muka zo haɗa masa hannuwa a ƙirji, na daman ya ƙi zuwa, sai muka bar shi yadda yake. A nan ne na yi kuka, kuma kukan haushi ne.

Tara saura biyar Nagamine ya shigo layi da gora a hannu. Ina share gilashi a ƙofar shago, ni na gaya masa. Da na ga zai nufi gidan, na tare shi da tsintsiya, don akwai abin da ya tsaya mini a wuya tun Asabar.

"Na filin wasa fa? Wancan ya nutse, da idona na gani. Da ka kai masa duka da gaske, da ka same shi?"



"Ban sani ba, Inna. Ban kalli ƙwallon ba."

Abin da ke bakina ba na faɗa a ƙofar gidan mutuwa ba ne. Na koma ga sharata. Can da na ɗago, sai na ga bai shiga gidan ba. Ya je gaban bangon gidan wanka ya tsaya a cikin zanen allin jiya, ƙafar gaba a gyare, gora a kafaɗa, yana fuskantar ƙofar shagona. Mai kawo madara ya shigo da kekensa, ya sauka, ya tura shi ta gefen katanga ya wuce.