Famfon Mai Bene

A layin kowa Likita yake ce masa, shi kuwa bai taɓa gyara wa kowa ba. Gaskiyar magana ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, shekara goma sha tara yana gwada jini da ruwa, yana ƙirga abin da ido ba ya gani. Amma yana da farar riga, ya kuma gina gidansa mai ɗaki uku da guminsa, har da rijiya a tsakar gida. A layin ma'aikata irin nasu, wannan ya isa a gaishe ka da girmamawa.

Sai wani ya sayi filaye huɗu na ƙarshen layi ya haɗe su. Kafin shekara ta zagayo bene hawa uku ya tashi. Ba wanda ya san sana'ar mai gidan, ba ma wanda ya taɓa ganin fuskarsa da kyau, sai dai baƙin gilashin motarsa, don haka aka sa masa Mai Bene. Da ya haƙa rijiyar burtsatse mai zurfin gaske, rijiyoyin layin suka soma ja da baya ɗaya bayan ɗaya. Ta Likita sau biyu ana ƙara wa gugarta igiya, abin da ke fitowa kuma rabin guga ne, sai an bar shi ya kwanta.

Ba ƙafewar ce ta fi ci masa rai ba. Famfo uku ne Mai Bene ya sa a jikin katangarsa ta waje, kyauta, kowa ya ɗiba. Kullum Likita zai fita aiki sai ya ga matar Injiniya da 'ya'yan Hedimasta, mutanen da takardun shaida suka cika musu bango, sun jera jarkoki a gindin katangar wani. Har da masu ɗaga wa kyamarar ƙofa hannu suna godiya.

"Ya shanye mana ruwa ta ƙasa, ya dawo yana ba mu sadakarsa ta sama," ya ce da matarsa, wadda malamar firamare ce. "Malama, ki ji ni da kyau. Ko cokali ɗaya na ruwan nan kada ya shigo mini gida."

"Baban yara, rijiyar fa ka ga yadda ta koma."

"Ni na gwada ta da hannuna ranar da aka haƙa ta. Tas take. Da ita za mu yi maneji."

Ta dube shi, ta ce to, ta ci gaba da gugar kayan makaranta.

Maƙwabta sun rubuta koke har sau biyu, ko amsa ba su samu ba. Ran nan suka taru a garejin Tsohon Akawu, wanda ya yi ritaya amma bai daina son takarda ba. Shi ne ya kawo dabara.

"Hukuma ba ta tashi don rijiyar talaka ta ƙafe," in ji shi. "Amma idan takardar lafiya ta ce ruwan da jama'a ke sha yana da cuta, gobe-gobe za a rufe burtsatsen. Takarda ɗaya ce daga ofishinku, Likita, mai hatimi."

Duk ido ya dawo kansa. Rabon da a dube shi haka tun kafin a kafa tubalin benen, kuma daɗin abin ya ratsa shi har ƙafa. Ya ce su ba shi zuwa Asabar. A ransa ya riga ya yanke cewa ruwan mutum irin wannan ba zai rasa datti ba.

Ranar Laraba da sassafe ya je famfon da kwalba a aljihu, yana waige-waige kamar mai satar kaza. Sai dai hannun da ya saba aiki ba ya jin haushi. Ya ƙona bakin famfon da wuta, ya bar ruwan ya zuba minti biyu, ya tara, ya rufe, ya rubuta lamba ɗaya. A gida ya cika kwalba ta biyu daga rijiyarsa, don hukuma ta ga irin ruwan da aka raba su da shi. A ofis ya tace kowanne, ya ɗora a faranti, ya sa a na'urar ɗumi. Saura jira, kwana biyu.

Jiran nan ya wahalar da shi. Ya zauna ya tashi, ya wanke kwalaben da aka riga aka wanke, ya yi wa mai shara faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Yana cikin rubuta sakamakon jinin wani sai ya tsinci kansa yana ƙirga tagogin benen a ka, goma sha huɗu ta gaba kawai, kowace da na'urar sanyi. Shi da ya yi karatu, ya yi dare yana haddace sunayen ƙwayoyin cuta, fanka ɗaya gare shi mai ƙara. Bini-bini ya je ya leƙa na'urar.

"Wai ƙwai ka sa a ciki ne?" in ji shugabarsu, dattijuwar da duk ofishin ke kira Anti. "Ka bar su su ƙyanƙyashe mana."

Ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba.

Ranar Juma'a ya fito da farantan. Na farko fes, ko ɗigo babu. Na biyu kuwa ya cika da ɗige-ɗige, har sun hau kan juna. Ya duba lambobin sau uku. Ba kuskure. Ya kuma san dalili, don shi ya haƙa ramin bayan gida kusa da rijiyar saboda ƙanƙantar fili, da ruwa ya ja baya kuma sai ƙazanta ta sami hanya.

Ya daɗe zaune, biro a hannu. Abin ba wuya, lamba biyu ta koma ɗaya, ɗaya ta koma biyu. Wa zai sani? Ai mutumin ya cuce su, wannan ba ƙarya ba ce. Idan gaskiya ba ta isa ta motsa hukuma ba, laifin wa? Ya cike fom ɗin a juye, ya kai wa Anti.

Ko kallon takardar ba ta yi ba. Ta jawo hatimi tana neman biro a cikin jaka.

"Ba za ki duba ba, Anti?"

"In duba me? Naka ne ai. Shekara nawa muna tare, ban taɓa bin bayan aikinka ba. Kawo."

Sai ya ji kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro. Ya janye takardar kafin hatimin ya sauka.

"Bari, na yi kuskure a ciki."

"Kai ɗin? To lallai tsufa ya zo."

Ya koma teburinsa ya yayyaga ta, ya rubuta ta gaskiya. Yana rubuta sakamakon kwalba ta biyu ne abin ya faɗo masa a rai, abin da haushi ya hana shi gani tun safe: 'ya'yansa uku wannan ruwan suke sha, har da autarsa mai shekara huɗu. Ko farar rigar bai tsaya cirewa ba, ya nufi gida.

A bakin layi Tsohon Akawu ya tare shi. "Yaya, an samu?"

"Ruwansa lafiya lau yake, Baba."

"Haba Likita! Kai da ke ciki, ba ka iya ɗan..."

"Ban iya ba."

Ya bar shi nan baki buɗe. Ya shiga gida yana kiran Malama tun daga ƙofa, ya same ta tana duba littattafan ɗalibai.

"Kada kowa ya ƙara shan ruwan rijiyar nan! Akwai cuta a ciki. Ina yara? Auta ba ta yi gudawa ba? Ba zazzaɓi?"

Malama ta ajiye jan biro, ta gyara zama.

"Kwantar da hankalinka, Baban yara. Wata biyu ke nan rabon yaran nan da ruwan rijiya."

"To me suke sha?"

"Abin da duk layin ke sha. Kana fita nake zuwa, kafin in wuce makaranta. Kai kaɗai ne mai shan na rijiya, don na san za ka gane ɗanɗano. Shi ma sai na tafasa nake zuba maka."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, faɗan ya ƙi zuwa. Ya zauna a kan hannun kujera. Daɗi yake ji 'ya'yansa sun tsira, takaici kuma yana cin sa don ruwan wanda ya tsana ne ya tsirar da su, shi kuwa wata biyu yana fama da yaƙin da ko a gidansa ba shi da soja.

"Tunda magana ta fito," in ji Malama, "jarka shida nake ɗaukowa kullum, bayana ya gaji. Gobe kai za ka je."

Ya kalli takalmansa. Can ya ce, a hankali, "Ƙarfe nawa layin yake raguwa?"

Ta ɗauki bironta ta jawo littafi na gaba.

"Ba ya raguwa."