Baƙon da Hajiya Mero Ta Hana Abinci

A Ƙofar Gayan, in aka ce wane ba shi da lafiya, kafin danginsa su ji, kwanon Hajiya Mero ya riga ya isa. Kunun tsamiya ne, farfesu ne, faten tsaki ne, ita dai abu guda ta sani: majiyyaci in ya ci, ya tashi. "Daure ka ƙara loma ɗaya" a bakinta yake kamar salati.

To, wannan baiwar Allah ce jikanta Suhail ya bar wa kifinsa da zai tafi bautar ƙasa. Wani ɗan jan kifi ne mai wutsiya kamar mayafi, a cikin akwatin gilashi, da tsakuwa a ƙasa da ɗan inji mai busa iska. Ya ajiye shi a falonta, ya nuna mata gwangwanin abincinsa.

"Abin da yatsu biyu suka ɗauka, Hajiya, sau ɗaya a rana. Amana ce fa."

"Tafi can, mijin rowa. Ni za ka koya wa riƙon baƙo?"

Ta kuwa riƙe shi riƙon baƙo. Kifin nan da ya hango inuwarta sai ya taso jikin gilashi yana buɗe baki, ita kuma ina za ta iya kallon buɗaɗɗen baki ta wuce? Safe, rana da yamma, har da ɗan ɓarɓashin waina da gwaiduwar ƙwai, wai ya ɗanɗana girkin gidan. Ta raɗa masa suna Jatau.

Wata safiya ta idar da lazimi ta leƙa, sai ga Jatau a saman ruwa, a karkace, ciki kamar an hura. Ya yunƙura zai nutsa, ruwa ya maido shi. Ruwan ma ya yi dishi-dishi. Ta lalubo waya.

Suhail ya saurara, sannan ya ce, "Hajiya, me kika ba shi?"

Ta lissafa masa, ba ta rage ko gwaiduwa ba.

"Inna lillahi! Tsohuwar nan, kifi ne ko maijego? Cikinsa ne ya cushe. Ki kwashe kaɗan daga ruwan, ki mayar da wanda ya kwana a randa. Abinci kuwa, ko ƙwaya ɗaya, sai ya miƙe da kansa. In ya miƙe, ki dafa koren wake, ki ɓare, ki ba shi ɗan mitsitsi."

"Mara lafiya ne fa, Suhailu. A hana mara lafiya abinci?"

"Shi ne maganin. In kika ba shi, mutuwa zai yi."

Ruwa dai ta canja da ludayi, a hankali, kamar mai wankan jariri. Wannan ba wuya. Wuyar ta zo da azahar, da aka kawo mata tuwo ta zauna, ta ɗaga kai suka haɗa ido. Yana karkace, amma bakin nan yana buɗewa. Ta mayar da lomar cikin kwano. Tun da take, ba ta taɓa ci ba baƙo na kallonta da yunwa. Ta rufe kwano.

Washegari ta tashi da azumi.

Maƙwabciyarta Mariyamu, ƙawarta tun ƙuruciya, ta shigo da ƙosai, aka ce mata ana azumi.

"Yau ba Litinin ba, ba Alhamis ba. Azumin me?"

"Na Allah. Ai ba a rufe ƙofar nafila ba."

Mariyamu ta dubi gilashi, ta dubi Mero, ta riƙe haɓa. "Oho! Taya kifi ake yi! Ke Mero, ki soya abin nan tun yana da amfani. Loma ɗaya ne ma, ba zai isa buɗe-baki ba."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi."

In magariba ta yi, tsakar gida take fita, ta juya wa ƙofar falo baya, ta ci dabino ta kurɓi kunu da sauri kamar mai sata.

Ana haka, ran nan da hantsi Jatau ya daina ko yunƙurin. Mariyamu, da yanzu ta fi kowa zaryar dubiya, ta daina wasa. "Mero, yunwa ce za ta ƙarasa shi. Yaron nan yana can wata uwa duniya, me ya gani? Ba shi ko kaɗan ne."

Aka kira Suhail, waya ba ta shiga. Hajiya Mero ta ɗauko gwangwani, ta buɗe, ta tsoma yatsu biyu. Ta kai hannunta kan ruwa. Duk abin da ta sani a duniya yana ce mata ta saki. Ta daɗe a haka. Sannan ta mayar, ta kakkaɓe yatsun, ta rufe, ta danƙa wa Mariyamu.

"Tafi da shi gidanki. Ko na zo ina kuka, kada ki ba ni. Mai kifi ya ce a'a."

Da la'asar sai aka ji guɗa daga gidan Hajiya Mero, har mata suka fara tambaya ko haihuwa aka yi. Mariyamu ta shigo mayafi a hannu, ta tarar da ita durƙushe tana nuna wani siririn zare da ke bin bayan kifin.

"Ya yi kashi, Mariyamu! Wallahi ya yi kashi!"

Ga Jatau kuwa ya daidaita, ya sulale ƙasa yana tonon tsakuwa.

Ta dafa koren wake guda, ta ɓare, ta gutsuri abin da bai kai kan allura ba, ta saka. Ya cafke, ya dawo jikin gilashi yana buɗe baki.

"Ko ka buɗe shi har Ƙofar Doka," in ji ta, "sai gobe."

Ta juyo ta kalli Mariyamu sama da ƙasa. "Ke kuma duk kin rame. Zauna, in ɗora tukunya."