Haƙorin Baba Tela

Wajen ƙarfe goma na safe ne, ana yayyafi tun asuba, irin wanda ba ya jiƙa mutum sai ya yi nisa da gida. Babu kowa a ɗakin jiran asibitin haƙori sai Baba Tela. Ya zauna a ƙarshen benci, lemarsa na ɗiga tsakanin ƙafafunsa, ya tallafe kumatunsa na dama da tafin hannu.

Ƙaramar Likita ta leƙo ta gan shi. Haka kowa ke kiranta, ko da yake ita kaɗai ce likita a wurin yanzu. Babban, mahaifinta ne, kuma wata goma sha huɗu ke nan da rasuwarsa. Shi ya buɗe asibitin a ɗakuna biyu a saman wani shagon magani, ya yi shekara talatin yana aiki a gefen kujera ɗaya. Baba Tela kuwa amininsa ne tun suna samari.

"Baba, kai ne cikin ruwan nan? Shigo mana."

"Ni ne, 'yar nan. Haƙorin da ubanki ya kashe ne ya tashi."

"Haƙorin da aka cire wa jijiya ba ya tashi, Baba."

"To, ki gaya masa da kanki. Kwana huɗu yana buga mini ƙofa."

Ta kwantar da shi, ta jawo fitila. A jikin dasashi, daidai gindin haƙorin, akwai ɗan ƙurji kamar ƙwayar gero. Ta ɗan ƙwanƙwasa haƙorin da ƙotar madubi, tsohon ya zabura har takalminsa ɗaya ya faɗi. Ta ɗauki hoto. Da hoton ya fito ta daɗe tana kallonsa. Ga inuwa baƙa a ƙarshen saiwa, ga kuma wani siririn layi kamar gashi yana bin gefen cikon da aka yi wa ramin saiwar daga sama har ƙasa. Cikon bai kama bango ba. Ƙwayoyin cuta sun samu hanya, sun bi ta a hankali har sun isa ƙashi.

Aikin mahaifinta ba ya yin haka. Ta san yadda yake yi tun tana tsayawa a bayansa tana leƙe. Idan ya cire jijiya ya goge ramin saiwar da 'yan ƙananan allurai, sai ya wanke shi sau uku da ruwan magani mai warin bilic. Sannan ya ɗauko ƙaramar kwalba mai shuɗin murfi. Ruwan cikinta ne ke narkar da lakar da gugar ta bari a jikin bangon ramin. Ya ɗura, ya bar shi minti ɗaya cif, yana buga ƙafarsa a ƙasa sau sittin, don bai yarda da agogo ba. Sai ya ɗauraye, ya busar, ya cike. Yakan ce wanda ya yi shafe a kan bango mai ƙura, damina ce za ta tona masa asiri. A kan katin kowane majiyyaci yakan ja sanda uku, wanki uku ke nan, ya zana ɗan zobe a gefe, alamar shuɗiyar kwalba.

Ta shiga ɗaki na biyu ta zaro katin Baba Tela daga aljihun tebur. Sanda uku. Babu zobe. Rubutun ya zame daga kan layi kamar mai gangarowa daga tudu. Wata biyu kafin rasuwar mahaifinta aka yi aikin.

Sista na tsaye tana naɗe auduga. Ita ce tsohuwar nas ɗin da ta yi shekara ashirin tana miƙa wa marigayin kayan aiki.

"Sista, wannan fa?"

Sista ta kalli katin, ta koma kan audugarta. Sai can ta ce, "Mantuwa ta fara kama shi. Ya ɗauki kwalbar, ya riƙe, ya riƙe, ya mayar. Sau ɗaya na tuna masa. Kallon da ya yi mini, wallahi kamar bai taɓa ganina ba. Daga nan na kama bakina."

"Mutum nawa?"

"Ban ƙirga ba, 'yata. Tsoro na ji."

Ita ta ƙirga. Ta jawo katunan watannin ƙarshe gaba ɗaya, tana ware su a kan tebur ɗaya bayan ɗaya. Goma sha ɗaya ne babu zobe. Mutum goma sha ɗaya suna yawo a gari, suna ci, suna dariya, da abu kwance a ƙarƙashin haƙorinsu.

A cikin waɗancan watannin ne mahaifinta ya taɓa kiran ta a waya, tana aiki a babban asibiti a wani gari. Ya ce, "Uwata, yaushe za ki dawo? Hannu ya fara nauyi." Ta ce ya bari shekara ta ƙare. Ya ce to, ba komai.

Daga ɗakin kujera ta ji wani sauti, tak, tak, tak. Ta san ruwa ne ke ɗiga daga indararo a kan kwanon shagon ƙasa. Ta sani sarai. Duk da haka ta samu kanta tana ƙirgawa, kuma da ya kai arba'in da biyu ya tsaya, sai tsikar jikinta ta tashi. Ta tsaya tana jiran sauran. Bai zo ba.

"Ki cire haƙorin kawai," in ji Sista da murya ƙasa-ƙasa. "Tsoho ne, haƙori ɗaya ba zai rage shi da komai ba. Ki ce haka Allah ya so. Ai ba ƙarya ba ce, ciko yakan lalace a hannun kowa. Mamaci ba shi da abin da ya bari sai sunansa."

Ƙaramar Likita ta ɗauki katin ta koma wurin Baba Tela. Ledar da ke shimfiɗe a gefen kujerar ta koɗe a wuri ɗaya, daidai faɗin tafin ƙafa. Wata goma sha huɗu tana kauce wa taka wurin. Yau ma ta kauce.

Baba Tela ya ce, "Yaya, an gano mai laifin? In haƙorin ne a hukunta shi. Hannun ubanki dai ba ya kuskure, wannan kowa ya shaida."

"Baba, ya yi kuskure." Ta nuna masa katin. "Akwai wankin da bai yi ba. Shi ya sa cikon bai kama ba. Kuma ba kai kaɗai ba ne."

Tsohon ya zuba wa fitila ido. Ta zaci faɗa zai yi, ko ya tashi ya fita. Sai ya sauke ajiyar zuciya.

"Na sani," ya ce. "Ranar ya kira ni da sunan ƙanena wanda muka binne tun tuni. Kuma ban ji bugun ƙafa ba. Haƙori uku ya yi mini a baya, ina jin ƙafar nan har cikin ƙashin bayana. Ranar shiru. Na so in yi magana, amma ya za ka ce wa aboki ya tsufa, bakinka a buɗe, hannunsa a ciki?"

Ta yi dariyar da ba ta shirya ba, hawaye na biye da ita.

"Share, share, kada ki ɗiga mini gishiri a baki. Ni ma na taɓa ɗinka hannun riga a baibai, rigar ango kuwa. Ba a yar da riga don wannan. Warwarewa ake yi. Ki warware, ki sake."

Ta yi masa allurar kashe zafi, ta shimfiɗa robar da ke kare baki, ta buɗe haƙorin. Tsohon cikon ya fito gutsure-gutsure, da wari mai nauyi. Abin da hannun mahaifinta ya sa, hannunta ke cirewa. Ta wanke sau uku. Ta miƙa hannu ba tare da ta juya ba, Sista ta sa mata sirinjin shuɗiyar kwalba. Ta ɗura, ta zura bakin sabuwar na'urar da ta zo da ita, mai kaɗa ruwa ya shiga kowane lungu na saiwa. Na'urar na ta 'yar ƙararta kamar sauro. Ta bar ta tana aiki har mintin ya cika. Ta ɗauraye, ta busar, ta sa magani, ta rufe da cikon wucin gadi.

"Bayan mako biyu, Baba. In ƙurjin ya kwanta sai mu cike. In bai kwanta ba, mu sake wankewa."

Ya gyaɗa kai, leɓensa ya saki gefe ɗaya.

Ta cire safar hannu ta ce, "Sista, kawo mini sauran goman."

"Duka?"

"Duka."

Ta zauna a bakin tebur ta ɗauki katin farko, na wata malamar makaranta. Tana danna lambar, Baba Tela ya matso ya tsuguna a gefenta. Maɓallin ƙasa na farar rigarta na reto da zare ɗaya, tun yana kwance idonsa ke kai. Ya zaro allura mai zare daga naɗin hularsa, ya kama bakin rigar ya shiga ɗinki. Wayar na ta ringi. Ya ɗaure, ya kai zaren baki zai ciza, ya tuna da haƙorinsa, ya ɗauki almakashin Sista ya yanke.

"Salamu alaikum," in ji Ƙaramar Likita. "Daga asibitin haƙori ne. Ina so ki zo in duba aikin da mahaifina ya yi miki."

Baba Tela ya mayar da allurarsa cikin hula, ya ɗauki lemarsa, ya sauka matakala a hankali yana dafa bango.