Magajin Koci Yakubu

Ƙwallon ta gangara kusurwar hagu ta filin, ta tsaya a jikin wani tudun ƙasa. Babu ɗan wasan da ya bi ta.

Attahiru, mataimakin shugaban kwalejin, ya gyara zama a kan kujerarsa ta roba. Shi kwamiti ya turo da la'asar ɗin nan ya duba mataimakan koci biyu, Lukman da Hamid, ya koma da sunan wanda zai ja ƙungiyar zuwa gasar kwalejoji a birnin Sinnar. Babban kocin, Yakubu, ya fita neman wa mahaifiyarsa magani a lokacin da yaƙi ya iso ƙauyukan da ke kewaye da garinsu, Wad Haddad. Har yau ba shi, ba labarinsa, ba gawarsa.

Tuddan nan na kusurwar fili kaburbura ne. Da hanyar maƙabarta ta gagara bi, nan mutanen gari suka riƙa rufe nasu.

"Muzammil! Wa kake jira ya ɗauko maka?" Lukman ya daka tsawa, ya busa usur. Ya yi kwas ɗin koci a birnin Madani, ya san aikinsa, bakinsa ba ya hutawa. Muzammil, mai buga gefen hagu, ya sunkuyar da kai, ƙafarsa ta ƙi ɗagawa. Lukman ya taka da kansa, ya tsallake tudu biyu ya ɗauko. 'Yan wasan suka kau da fuska.

Da aka zo kan Hamid, bai karɓi usur ba. Ya je kusa da duron ruwa, inda Yakubu ya saba tsayawa, ya ja baya taku ɗaya ya tsaya. Da ƙyar ake jin muryarsa. Duk da haka wasa ya miƙe, ƙwallo na yawo daga ƙafa zuwa ƙafa, ko sau ɗaya ba ta kusanci kusurwar ba. Abin da ya sa tsigar jikin Attahiru ta tashi shi ne, idan ɗan wasa ya yi kuskure ya waiwayo, ba Hamid yake kallo ba. Wurin da ke gaban Hamid ɗin yake kallo, inda babu kowa.

Bayan an tashi, Attahiru ya kira mataimakan ɗaya bayan ɗaya.

"Ustaz, waɗanda suka tafi Allah ya jiƙansu," in ji Lukman. "Amma mu ke da gasa. Ƙungiyar da ke tsoron rabin filinta ba ta cin kofi."

Attahiru bai ga ƙarya a maganar ba.

Hamid kuwa ƙasa ya kalla. "Ni mataimaki ne, Ustaz. Ba a zama wurin mutum ba a yi masa sallah ba."

Filin ya watse, iska ta tsaya cik, ko kukan tsuntsu babu daga bakin magudanar ruwa. Saura mutum ɗaya a gindin dalbejiya: Dije, matar Yakubu, wadda ba ta taɓa fashin zuwa kallon atisaye ba tun da aka sake buɗe kwalejin. Attahiru ya san duk sunan da ya kai wa kwamiti, tamkar ya aika mata da saƙon ta fara takaba ne. Ya ƙarasa ya durƙusa.

"Yaya Dije, ina wuni? Wata magana ce nake ta jin nauyin..."

"Na sani, Attahiru." Fuskarta a sake take, kamar wadda ta fito gidan suna. "Ku ba Lukman. Yakubu ya ce Hamid ya fi iya wasan, amma muddin Hamid ɗin yana tsaye can bayansa, yaran ba za su daina waiwaye ba."

Attahiru ya ji sanyi a ransa. Ashe Yakubu ya bar magana kafin ya fita.

"Allah sarki. Yaushe ya faɗa miki haka?"

"Ɗazu," in ji ta, tana kakkaɓe tabarmarta. "Lokacin da kake can kana magana da su."

Ta naɗe tabarmar ta kama hanyar gida, tana bin gefe ɗaya na turbar kamar mai bar wa wani wuri.

Attahiru ya daɗe a durƙushe. Da ya miƙe, bai bi ta bakin duron ruwa ba, ya zagaya ta bayan raga. Washegari da safe ya kai wa kwamiti sunan Lukman. Shugaban kwalejin ya tambaye shi dalili.

"Ya fi ƙarfin murya," ya ce.