Mesar da Ta Ƙi Fita daga Baho

Da hantsi ne, rana ta fito da ƙarfinta bayan yayyafin safe, ƙasa tana ta fitar da tururi. Mai Walda ya riga ya sa rigar aikinsa wadda tartsatsi ya huhhuda, amma bai fita ba. Yana tsugune a falo gaban akwatin gilashi, yana kallon mesarsa da ta nannaɗe a cikin bahon ruwanta, hanci kawai ta bari a waje.

Mesa ce irin ta ƙetare wadda ake kira bowa. Yayansa marigayi ne ya raine ta tun ba ta wuce tsawon hannu ba. Da ya rasu, kowa a dangi ya ɗauki abin da ya ɗauka, amma ba wanda ya ko kalli wajen da take. Shi ya ɗauko ta, ya haɗa mata akwati mai ƙafafun ƙarfe, ya kafe shi a bango yadda ko ƙato ba zai iya gusar da shi ba. Shiru yake ce mata, sunan da Yaya ya sa mata. Matarsa kuwa ba ta taɓa kiranta da komai ba sai "igiyarka".

Matar ta fito daga kicin da kwandon leda, ta buɗe firizar da take sayar da ƙanƙara a ciki, ta ce masa har yanzu igiyar tasa wanka take yi? Ita dai ba ta taɓa ganin mai son wanka irin wannan ba, kuma ko sabulu ba ta saya.

Ya yi dariya, ya ce saɓa za ta yi. Haka Yaya ya koya masa: in tsohuwar fata ta kusa fita, Shiru takan shiga ruwa ta jiƙa ta, idonta ya yi hazo-hazo kamar an ɗiga madara, daga baya ta zare fatar ta bar ta a gefe kamar safa. Ya faɗi haka da ƙarfin zuciya, ya tafi shago.

Amma kwanaki suka yi ta wucewa, idon Shiru garau, ba hazo ba alamarsa. Ya tuna abu na biyu da Yaya ya ce, wato 'yan ƙwari baƙaƙe da ke shiga ƙarƙashin ɓawon jikinta su hana ta sakat. Ya tace ruwan bahon da farin ƙyalle, ya shafa mata wani a wuya da gefen ido. Ko ɗigo bai gani ba. Sai da ya juya cikinta ne ya ga matsalar. Wurin da ya saba gani fari sumul ya yi ja, wasu ɓawon sun ɗan kumbura kamar ƙunar ruwan zafi.

Bai tsaya shawara da kowa ba. Ya sa ta a rigar filo, ya ɗaure bakin, ya rufe shago ya nufi wajen likitar dabbobi. Likitar ta duba ta a natse, ta ce fatar ta fara lalacewa saboda daɗewa a jiƙe, in aka bari ciwon zai ci ya shiga jini. Ta ba shi ruwan wanke wurin da man shafawa, ta ce ya riƙa shimfiɗa mata busasshiyar takarda. Ya ce to bari ya cire bahon kawai a huta.

"A'a, Malam," in ji ta. "Wani abu ne yake kora ta cikin ruwan. In ka ɗauke bahon ba ka gano shi ba, ka ƙwace mata mafaka ne kawai."

Da ya dawo gida da la'asar, ya mayar da Shiru akwatinta. Kafin ya wanke hannu ta koma cikin baho. Ya jawo kujera ya zauna. Mutum ne da ba ya gaggawa, ko a shago sai ya daɗe yana kallon ƙarfe kafin ya ɗora masa wuta. Abincinta bai canza ba, fitilar ɗumama ta tana nan yadda take. Yana cikin wannan tunani firiza ta tashi da gurnaninta, labulen takarda da ke jikin akwatin ya ɗan motsa.

Ya miƙa hannu ya dafa gilashin ta gefen da firizar take, gefen da babu fitila, inda Shiru ta saba komawa in ta ji ɗumi ya ishe ta. Zafi ya ji kamar ya dafa kofin shayi. Ya leƙa bayan firizar, iska mai zafi ta bugi fuskarsa. Shi da kansa ya turo ta nan kwanan baya, da soket ɗin kicin ya ƙone. Ga fitila ta can, ga firiza ta nan, baiwar Allah ba ta da wurin sanyi sai ruwa.

Ya kira matarsa, ya kama hannunta zai ɗora a gilashin. Ta fizge, ta ce ya faɗa mata da baki, tana ji. Ya faɗa mata. Ta ce to sai ya ɗauke akwatin. Ya tuna mata cewa sai dai a ɗauke da bangon. Ta ce ita ma firizarta ba za ta koma kicin ɗin da babu wuta ba, masu sayen ƙanƙara ba ruwa suke zuwa saya ba.

"Maman yara, ƙanƙararki ko ɗaya ba za ta narke ba," ya ce. "Ki ba ni zuwa faɗuwar rana."

"Baban yara, da ni ce cikina ya yi ja, da yanzu kana shago."

"Da ke ce, ai da rigar filo ba ta ishe ni ba."

Ta ɗaga ludayi kamar za ta kwaɗa masa, dariya ta ci ƙarfinta.

Ya fita ya dawo da wayar wuta da sabon soket. Ya kashe wutar gidan, ya ja wayar ta bin bango har baranda, ya kafa ta da 'yan ƙusoshi a jere. Suka tura firizar tare, tana gaba tana ba shi umarni kamar mai koya wa direba fakin. Da ya kunna, gurnanin ya tashi a waje. Ta buɗe ta danna ƙanƙara ɗaya da yatsa, ta rufe.

Washegari ya tarar da Shiru kwance a kan takarda, jikinta a bushe. Ya canza babban bahon da ƙaramin kwano na sha. Safe da yamma yana wanke mata ciki yana shafa man, yana yi mata hira ƙasa-ƙasa yadda Yaya yake yi. Jan ya fara raguwa a hankali. Da lokacin saɓa na gaskiya ya zo, idon ya yi hazon da ya sani, fatar ta fita, sabuwa ta bayyana da ɗan tabo kaɗan a ciki.

Wata ranar hutu yana kwance a doguwar kujera, barci ya fara ɗaukarsa, rana ta karkato ta taga ta sauka a kan gilashin akwatin. Kafin ya yunƙura, matarsa ta zo wucewa da tire a hannu. Ta tsaya nesa-nesa, ta miƙa hannu ɗaya ta ja labulen tagar har hasken ya bar kan Shiru, ta wuce baranda wajen firizarta. Shi kuma ya gyara filo, ya rufe ido.